Baba Yana Neman Marar Kunya

A shekarun da nake koyar da Turanci a wata sakandare a Nguru, an taɓa tara mu bita, mu malaman Turanci na wannan yanki. Masu bitar sun zo daga babban birnin jiha, da kwat da majigi, suka tsaya a gabanmu tun safe suna maimaita magana ɗaya kamar masu tallar maganin basir a tasha: harshe ba ya tsiro a cikin aji. Ku tura ɗalibanku su yi Turanci a kasuwa, a tasha, a gida, ko'ina suka sami kansu. Muka yi tafi. Da aka tashi shan shayi, babbansu, wanda ya fi kowa kumfar baki, ya juyo ya ce da ni, "Malam, miƙo mini sukarin nan don Allah." Daga nan ya koma gefe ya kira matarsa a waya, suka yi ta Barbarci har shayinsa ya huce. Duk da haka na ɗauki maganarsu hannu bibbiyu, domin a lokacin jinina da zafi, kuma duk abin da aka haska a bango gaskiya ne a wurina.

Ban da aikin sakandare, ina da ajin manya a Gashuwa ranakun Asabar da Lahadi. In shiga motar haya da safe, mu bi ta Jajimaji, in sauka in yi azahar, in shiga aji. Ɗalibaina masinjoji ne da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa. Yawancinsu takardar shaida suke nema don ƙarin girma a wurin aiki, Turancin kuwa in ya zo Allah ya kawo, in bai zo ba ba a yi asarar komai ba. Wata Asabar ina cikin share allo sai na ji ajin ya yi tsit, benci na ta ƙara, kowa ya miƙe tsaye. Na juya na ga Baba a bakin ƙofa, da babbar riga da sanda, yana duban bencin da zai iya ɗaukarsa.

Baba aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙansu duka. Asalinsa mutumin Machina ne, amma tun yana saurayi ya zauna a Gashuwa yana fataucin bandar kifi, har ya kai in ya yi tari a kasuwa dillalai su gyara tsayuwa. In ya biyo layi, samari su ɓoye sigari su tsuguna. Shi ake kira in rabon gado ya rikice, shi ake turawa biko. Ga shi da zuciya, ba ya son maimaita magana. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ai da aikowa ka yi in zo."

"Ba aike ba ne, Malam," in ji shi. "Karatu na zo. A nan kai ne malam. In mun fita ka koma ɗan da na ci naman sunansa."

Sai bayan an tashi ya gaya mini dalili. Babban ɗansa yana aiki a Fatakwal, can ya yi aure, matar 'yar Kudu ce. Suna da 'ya ɗaya, ba ta wuce shekara bakwai ko takwas ba, kuma ban da Turanci ba abin da take ji. Duk Juma'a sai a kira shi a waya, irin kiran da ake ganin juna. Yarinyar ta ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Ta yi magana, uban ya fassara. Shi ya yi magana, uban ya fassara, ya zubar da rabi a hanya.

"Na san yana ragewa," ya ce. "In yi magana mai tsawon igiyar guga, shi ya gaya mata kalma biyu. Jikata ce. Ina da baki, tana da kunne, a ce sai da tafinta? Za su zo da dogon hutu. So nake in zauna da ita mu biyu, in tambaye ta, ta ba ni amsa. Abin da nake nema ke nan. Takardarku ku riƙe abinku."

Maganar ta sosa mini rai. Ban taɓa jin Baba ya roƙi wani abu a wurin kowa ba, ga shi yana roƙon yaron da ya goya a kafaɗa. Na yi masa alkawari kafin hutu zai yi hira da jikarsa.

Kansa kuwa yana ja. Abin da masinjoji ke kwana uku suna tauna, shi sau biyu zai ji ya riƙe. Amma tun a ajin na fara ganin alamar abin da ke tafe, ban dai gane ba. In na ce kowa ya kama abokin hira su yi tambaya da amsa, sai bencin Baba ya zama kamar an zuba masa ƙaiƙayi, kowa ya matsa. Wanda tsautsayi ya faɗa wa sai ya amsa masa da kai a sunkuye, murya can ciki, ya ƙarasa da "ranka ya daɗe". Dole ni na zama abokin hirarsa. Alli a hannu yana ba mutum wani irin izini, ko limami ne a benci sai ka ce masa sake.

Ranar da na karanta musu wa'azin bita, cewa kowa ya fita da Turancinsa waje, sauran suka gyaɗa kai irin na wanda ba shi da niyya. Baba kaɗai ya yi magana.

"Wannan ai ba sai an zo daga birni an haska maka a bango ba," ya ce. "Ni Barbarci na sha a nono. Fulatanci a kasuwar shanu na koya, Fulani na tsokanata ina ramawa, ka san mu da su ba a shiga tsakani. In na karya harshe su kwanta a ƙasa don dariya, in tafi gida ina cizon yatsa, gobe in dawo na gyara. Badanci masunta ne suka koya mini a bakin kogi, su ma da dariyar. Hausar nan ma haka. Wanda ba a yi wa dariya ba bai iya yare ba. Bari in fita."

Ya fita kuwa. Kuma duk Asabar sai ya zo mini da labari, ransa a ɓace.

Ya fara da mai shagon magani na bakin tasha, ɗan Kudu, Kirista, bisa tunanin ai wannan Turanci gadonsa ne. Abin da Baba ya manta shi ne an haifi mutumin a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa a Nguru, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Baba ya tsaya a gaban kanta ya gaishe shi da Turanci, ya tambaye shi iyali, daidai yadda muka yi a aji. Mutumin ya zaro ido, ya zagayo da kujera a hannu, yana gaishe shi da Barbarci da Hausa. "Wushe, Baba, sannu. Zauna. Lafiya kuwa? Ko jinin ne ya hau?" Kafin Baba ya haɗa magana ta biyu an naɗe masa hannun riga ana awon jini.

Sai ya gwada 'yan babbar makaranta da ke taruwa wurin mai shayi. Yaran nan in ka jiyo su daga nesa, musamman in 'yan mata na wucewa, sai ka rantse a cikin jirgin sama aka haife su. Baba ya yi musu sallama, ya jefa musu tambaya da Turanci. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. Can wani ya yi ta maza ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba. Lafiya ƙalau, Baba." Ya sake tambaya, suka sake ƙara masa girma. Mai shayi ya haɗa masa kofi guda, ya ce kyauta ne.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne 'yan majalisar gindin darbejiya, tsofaffin ma'aikatan gwamnati da suka yi ritaya, sa'o'insa. Su ne masu jarida a hammata, su ne in gardamar siyasa ta yi zafi sai su sauya harshe don kada mai facin taya na gefe ya sa baki. Baba ya zauna a cikinsu ya saki abin da ya haddace. Wani tsohon sakatare, wanda ko atishawa da Turanci yake yi, ya tafa hannu ya ce, "Masha Allah! Alhaji, ai ka gama. Wallahi ko Bature sai haka." Da Hausa ya faɗa. Baba ya ce to amsa mini mana. Ya ce, "A'a, Alhaji, wane ni. Girmanka ya wuce in zauna ina yi maka Turanci."

Kada wani ya zaci ba a yi dariyar ba. An yi ta, har da riƙe ciki, sai dai ana bari ya sha kwana tukuna. Labari ya iso ni cewa har kwaikwayon muryarsa ake yi a majalisar, kuma sakataren ne gwani. Dariyar da za ta amfane shi, wadda ake yi wa mutum a gaban idonsa a ce masa ba haka ake faɗa ba, ita aka hana shi. Wadda ba ta amfanin kowa kuwa an yi ta a wadace. Mu a nan wannan muke kira ladabi, kuma muna alfahari da shi.

Za a ce to kai fa, Malam? Na gwada. Wata Lahadi muka haɗu a kasuwar kifi, ya tare ni da Turanci a gaban jama'a, ni kuwa na amsa masa da shi, har na gyara masa wata kalma. Muka ɗan taɓa hira, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Da yamma na hau mota na koma Nguru. Ashe labarin ya riga ni isa, har yau ban san motar da ya hau ba. Na tarar da mahaifiyata zaune a tsakar gida, sallamata ma da ƙyar ta amsa.

"Ashe kai ne ka tsaya a tsakiyar kasuwa kana yi wa aminin ubanka Turanci?"

"Inna, shi ya ce in yi. Karatu ne."

"In ya ce ka hau kansa sai ka hau? Har da gyara masa magana, aka ce. Bokon ne ya kai ka haka, ko don ka ga uban naka ba ya raye?"

Tunda ta kawo maganar mahaifina, gardama ta ƙare. Na ci gaba da yi masa a aji, da cikin zaurensa in ba kowa. Amma ni kwana biyu nake yi a garin, sauran kwanakin Baba da bango yake hira. A zahiri ma da kifi yake yi. Yakan shiga ɗakin ajiyar banda ya rufe ƙofa, ya yi ta tambayar kwanduna yaya makaranta, me kika ci yau. Maiɗakinsa ta jiyo shi ta bayan taga, ba ta ce masa komai ba, ita ma don ladabi. Washegari dai ya tarar an turare ɗakin da hayaƙin habbatus sauda, an kuma ajiye masa rubutun sha a kwanon fura.

Da abin ya ishe shi sai ya yanke cewa rigar ce matsalar. Ranar kasuwar Nguru ya ajiye babbar riga da sanda, ya sa wata tsohuwar jamfa da hular da ta ga duniya, ya hau mota ya zo inda yake ganin ba a san shi sosai ba. Allah kuwa ya haɗa shi da abin da yake nema a wani shagon sayar da waya: 'yar bautar ƙasa, sabuwar zuwa daga Kudu, ko sannu ba ta iya ba. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya tambaye ta garinsu, ta faɗa, ta tambaye shi nasa. Baba ya buɗe baki zai ba da amsa, yana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani bawan Allah ya ratso daga baya. "Baba, me kake so? Faɗa mini in gaya mata." Wani ya ce a'a, kati yake nema. Wani ya ce a ba tsoho wuri ya zauna mana. Nan da nan tafintoci suka kewaye shi, kowa na neman lada. Yarinyar ta ga taro ta sulale. Da ya biyo gidanmu cin abinci, har lokacin a fusace yake.

"Malam, wai ƙasar nan ba marar kunya ko ɗaya?" ya ce. "Da ina yaro ko'ina na juya sai na yi tuntuɓe da su. Yanzu da nake nemansu duk sun shiryu."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Hutu ya matso, kuma tsoro ya fara kama shi, kada jikar ta zo ya buɗe baki abin ya ƙi fita.

Ɗan nasa da iyalinsa sun iso wata Asabar da la'asar. Baba ya ce in zo in zauna a gefe, kada in sa baki, in dai saurara ko ya yi daidai. An share ƙofar gida, an yanka rago, ya sa rigar da yake zuwa idi da ita. Yarinyar ta fito daga mota, siririya, da ɗan mayafi da kana gani ka san ranar aka fara yafa mata. Ta zo gabansa ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ina wuni, Kaka. Mun same ku lafiya." Hausar a daskare take, da ji ka san hadda ce. Mata suka rangaɗa guɗa, ana ta cewa kai, yarinya da tarbiyya, ai uban ya yi ƙoƙari.

Baba ya gyara murya. Ya yi mata maraba da Turanci, ya tambaye ta hanya, ya tambaye ta ko ta gaji. Wallahi bai yi kuskure ko ɗaya ba, ji na yi kamar in tashi in yi tafi. Yarinyar ta ɗago kai, idonta ya yi haske, bakinta har ya buɗe. Sai ta waiwaya ta dubi ubanta. Ta mayar da kai ƙasa ta ce, "Lafiya lau, Kaka."

Na ɗauka baƙunta ce da gajiyar hanya. Na ce masa ya ba ta kwana biyu ta saba, na koma Nguru.

Asabar ta zagayo na dawo, washegari kuma baƙin za su tafi. Baba bai zo aji ba, saboda haka na bi shi gida. Na same shi a tsakar gida kan tabarma, ya faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Malam, mun yi aikin banza," ya ce. "Mako guda ina yi mata magana. Duk abin da na faɗa, lafiya lau Kaka. Na tambaye ta me take so ta ci, lafiya lau Kaka. Ashe abin da ka koya mini a ajin kawai yake aiki. Ba ta gane abin da nake cewa."

Ban taɓa ganin Baba ya karaya ba sai ranar, kuma abin ya yi mini ciwo. Har na fara tunanin ko kunnena ne ya saba da shi, nake jin Turanci a inda ba Turanci.

Yarinyar na tsugune can gefe tana kallon ana jera banda a kwali, tsarabar da za su tafi da ita. Uban na kan kujera yana danna waya. Ban san abin da ya taɓa Baba ba, sai ya miƙa hannu ya ɗauki wata ƙatuwar tarwaɗa, ya yafito yarinyar. Wannan karon ba hadda ba ce. So yake ya gaya mata kifin nan yana da gashin baki irin nasa, don haka shi ma tsoho ne. Mu kuwa ba mu taɓa yin darasin gashin baki ba. Turancin ya fito a tarwatse, kai a ƙafa, ƙafa a kai, da guntun Barbarci a tsakiya, ga shi yana nuna bakin kifi yana nuna nasa. Yarinyar ta toshe baki da hannu. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai dariyar ta ƙwace mata, ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce da Turanci, da ƙarfi kuwa, a'a Kaka, ba haka ake faɗa ba!

Uban ya zabura daga kujera, hannu a sama. Ya daka mata tsawa, me na gaya miki, ban hana ki ba? Da Turanci ya yi tsawar, ya manta uban nasa yanzu yana ji.

"Sauke hannun," in ji Baba, a hankali. "Me ka hana ta?"

Ɗan ya rusuna. "Baba, ce mata na yi kada ta kuskura ta yi maka Turanci. Tun a hanya nake ja mata kunne. Kada a ce mun kawo yarinya ba tarbiyya, tana mayar wa kakanta magana da yaren Nasara."

Ya faɗi haka yana jiran a sa masa albarka.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san jika abokin wasan kaka ne. Abin da ɗa ba zai iya ko tunaninsa ba, jika zai faɗa wa kakansa a gaban kowa, a yi dariya. Mutumin nan ya tafi Kudu ya dawo mana da ladabi har ya yi yawa, ya manta wannan.

"Kai ne fa," Baba ya ce, murya na hawa, "kai da bakinka, kake hawa cinyar ubana kana jan gemunsa, kana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, yaushe za ka mutu mu sha gumba. Wa ya mare ka? Ka ɓoye masa hula ranar Juma'a, yana dariya. Duk duniyar nan mutum ɗaya aka yarje wa ya yi mini rashin kunya, ita ce ka ɗaure wa baki ka kawo mini? Ina yawo gari gari ina neman wanda zai yi mini dariya, ashe tana cikin gidana mako guda, ka sa mata takunkumi. A Fatakwal ɗin aka gaya maka ana shiga tsakanin kaka da jika? Tashi ka ba ni wuri."

Ɗan ya fita sum-sum. Baba ya juya wurin yarinyar, wadda ta tsorata ta lafe a jikin bango. Ya ce mata, da Turancinsa mai ɗingishi, ta zo ta ƙarasa dariyarta, sannan ta gaya masa yadda ake faɗa. Ta matso a hankali. Ta faɗa, ya maimaita, ta girgiza kai. Ya sake, ta kama haɓarsa da hannu biyu tana gyara masa baki. Ni da na yi wata da watanni ina koyar da shi ban taɓa kusantar haɓar nan ba. Kafin magariba ta san sunan kowane kifi da ke cikin kwalin, shi kuma ya san sunan ƙawarta da na malamar da ba ta so. Ya koya mata abin da ake ce wa kaka, ta yi ta bin sa a tsakar gida tana kiran tsoho mai ran ƙarfe, matan gida na salati suna ƙunshe dariya. Na tashi na bar su, ba wanda ya lura na fita.

Cikin duk hutun, yinin nan kaɗai suka samu. Da safe aka raka su tasha. Ta leƙo ta tagar mota tana zuba masa surutu, yana amsa abin da ya kama, 'yan kamasho sun saki baki suna kallo. Da motar ta tashi Baba ya daɗe a tsaye, sannan ya ce mini, "Kwana bakwai ya cinye mini, ɗan nan."

Daga ranar bai sake zuwa aji ba. Da na je bin sawu ya ce, "Na sami malamar da ta fi ka, Malam. Kai kunyata kake ji." Kiran Juma'a ya ci gaba, sai dai yanzu uban na miƙa mata wayar yake barin wurin. Daga zaure ana jiyo Baba yana gardama, ana jiyo ƙaramar murya tana ce masa sake. Garin kuwa bai canza ba. In ya gaishe su da Turanci su ƙara masa girma, har ya gaji ya daina.

Damina biyu bayan haka Baba ya kwanta, ciwon bai yi tsawo ba. Aka kafa rumfa a ƙofar gida don zaman makoki. Abokan aikin ɗansa sun zo daga Kudu yin ta'aziyya, kuma ranar na san yawan masu Turanci a Gashuwa. Tsohon sakatare ya gyara zama ya buɗe famfo, yana ba baƙi labarin marigayi: mutum mai son ilimi, wanda gemu bai hana shi zama a benci ba, abin koyi ga matasa. Mai shagon magani ya karɓa. Samarin wurin mai shayi, da ke raba ruwa, su ma suna jefa nasu. Turancin da aka zubar a rumfar nan kafin azahar, da an ba Baba rubu'insa yana da rai da ya ishe shi. Zuciyata ta yi ta tafasa. Na tashi na koma zaure, don kada in yi abin da za a sake kai wa Inna labari.

A can yarinyar ta same ni. Ta yi tsawo. Mata sun daka gumbar jikoki, an ba ta nata dunƙulen, tana riƙe da shi a hannu. Ta gane ni, malamin Kaka. Ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen rumfar, tana saurare. Can ta juyo ta tambaye ni da Turanci, yaushe duk mutanen nan suka koya?

Na ce me ya sa take tambaya.

Ta ce ta taɓa tambayar Kaka don me ba ya yi da abokansa, ai da bakinsa ya fi saurin sabawa. Ya ce mata duk garin ba wanda ya iya, daga shi sai malaminsa.

Ashe har a wurin jikarsa rufa musu asiri ya yi. Na ce mata sun daɗe da iyawa, tun kafin a haife ta. Girmama shi suke yi.

Ta sake duban rumfar, inda sakatare ke ci gaba da jawabi, baƙi na gyaɗa kai. Ta juya ta shiga cikin gida da gumbar a hannunta, ko gutsura ba ta yi ba.